Bindigogin fim ɗin Zulu: wace ce ta zamanin, wace ce ta aro?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto cewa sun zauna kallon tsohon fim ɗin nan Zulu na 1964 tare da baffansa, wanda tsohon ɗan sanda ne. Ana cikin kallo baffan ya ce a tsayar, ya nuna wani soja a sahun baya ya rantse cewa wannan mak-fo ce, irin wadda ya saɓa a bakin aiki. Shi kuwa ya ce ba zai yiwu ba, ai yaƙin 1879 ake nunawa. Musu ya ƙi ƙarewa. Yana so a raba musu gardama: waɗanne bindigogi ne a fim ɗin, na gaske ne ko itace aka sassaƙa, kuma sun dace da zamanin?

Malam, ka koma ka ba Baffa haƙuri, amma rabin haƙuri. Idonsa bai yi masa ƙarya ba. Akwai bindigogi masu sakata a hannun wasu sojojin da ke can baya, kuma gidansu ɗaya da mak-fo. Sai dai ba ita ba ce, kakarta ce. Kai ma kana da taka gaskiyar, domin a 1879 ko kakar ba a haifa ba.

Abin da ya sa kuka kasa daidaitawa shi ne tambaya biyu kuka haɗa kuka ɗaure da igiya ɗaya. Ta farko, mene ne a hannun ɗan wasa ranar da aka ɗauki hoton, a 1963, a gindin duwatsun Drakensberg na Afirka ta Kudu. Ta biyu, mene ne a hannun sojan da yake kwaikwayo, a Rorke's Drift, tashar mishan da sojojin Birtaniya suka mayar asibiti da rumbu, inda suka gwabza da mayaƙan Zulu, daga la'asar ɗin 22 ga Janairun 1879 zuwa asubahin 23. Shekara 84 ke tsakanin ranakun biyu. Baffa yana amsa ta farko, kai kana amsa ta biyu, kowa yana ganin ɗan'uwansa ya kafe.

Bindigar da sojan ƙasa na Birtaniya ya riƙe a wannan dare sunanta Martini-Henry. Sunan mutum biyu ne aka haɗa. Friedrich von Martini, wanda ya yi aikinsa a Suwizalan, shi ya gyara tsarin buɗewa da rufewa, wanda asalinsa na wani Ba'amurke ne mai suna Peabody. Alexander Henry kuwa maƙerin bindiga ne a Edinburgh, shi ya tsara zanen da ke murɗe a cikin bututu, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa. Sojan Birtaniya ya amince da ita a 1871. Harsashi ɗaya take ci. A harba, a buɗe, a sa wani, a rufe. Ba ta da magazin, ba ta da sakata.

To ta yaya za ka gane ta a majigi? Ni dai abin da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da irin wannan tambaya shi ne: ka bar kallon bindigar, ka kalli hannun mai ita. Kala tana ruɗi, nisa yana ruɗi, itace duk itace ne a hoton da aka ɗauka daga yadi ɗari. Amma kowace bindiga tana tilasta wa mai ita wani motsi nata na kanta, kuma ɗan wasa ba ya iya ɓoye shi. Mai Martini, da zarar ya harba, hannunsa na dama ƙasa yake yi. Akwai wani hannun ƙarfe kwance a ƙarƙashin wuyan ƙota, bayan kunama, wanda ni liba nake ce masa kamar yadda masu gyaran babur ke ce wa nasu. Ya danna libar ƙasa, wani tubalin ƙarfe da ke toshe gindin bututu ya sunkuyar da kai, kwanson da aka harba ya yi tsalle ya fito ta sama. Sai hannun ya tafi jakar da ke ɗamara, ya ɗauko harsashi, ya zura shi ta sama da babban yatsa, ya ja libar ta koma. Ƙasa, jaka, sama, rufe. Ko a inuwa ka ga wannan, ka san Martini ce.

Ranar da na fara riƙe ta, a gidan wani dattijo mai tara tsofaffin makamai, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne saman tubalin nan. An ƙwarɓe shi kamar cikin cokali, ya yi sumul saboda yawan gogar yatsu, ta yadda in ka ɗora harsashi kusan da kansa yake silalewa ya shiga. Na biyu ƙarar rufewar: ƙwas guda ɗaya, mai nauyi, kamar an rufe tsohon kwaɗo. A gefen dama na gidan ƙarfen akwai hatimin kambin sarauta, da haruffan V.R. na Sarauniya Victoria, da sunan masana'anta, da shekarar ƙira. A wannan gefen kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar ɗigon hawaye wanda ke juyawa idan an ɗana, don soja ya taɓa ko cikin duhu ya san halin da bindigarsa take. Wannan ɗigon hawayen yana fitowa sarai a hotunan kusa na fim ɗin, kuma shaida ce mai kyau. Wata shaidar ita ce abin da babu: ba za ka ga ƙarfen nan da ake ja baya da babban yatsa ba, irin na bindigar maharba. Snider, wadda Martini ta gada, tana da shi a gefe. Martini komai nata a ciki yake.

Waɗanda kake gani kusa da kyamara ana buɗewa ana rufewa na gaske ne, ba sassaƙe ba. A shekarun 1960 tsofaffin Martini ba su yi wuyar samu a kudancin Afirka ba. Itace da roba masu fim suna ajiye su ne don wuraren kokawa da faɗuwa, inda ƙarfe zai iya ji wa mutum ciwo, kuma ana gane su da cewa babu abin da ke motsi a jikinsu, wani lokaci ma ka ga wuƙar bakin tana lanƙwasa tana dawowa.

Amma kasancewarta Martini ba ta gama magana ba, don Martini kashi huɗu ce. Ta farko ta 1871, ta biyu ta 1877, ta uku an amince da ita ne a watan Agustan 1879, wata bakwai bayan an gama wannan faɗa, ta huɗu kuma ta 1887. Ke nan ta farko da ta biyu kaɗai ke da hurumin shiga Rorke's Drift. Bambance ta biyu da ta uku a majigi aikin masu ido ne ƙwarai, ɗigon hawayen ta uku ya fi ƙanƙanta, shi ke nan kusan abin da za ka iya kamawa. Ta huɗu kuwa ko yaro ya gane ta, domin libarta ta fi ta sauran tsawo da kamar inci uku, tana miƙewa sosai a ƙarƙashin ƙota. Dalilin ƙarin tsawon yana da labari. Kwanson harsashin Martini na farko ba tagulla ce guda da aka zuba ba, siririyar fallen tagulla ce aka naɗe kamar tabarma aka liƙa mata gindin ƙarfe. In bututu ya yi zafi, toka ta taru, sai kwanson ya manne, a danna liba gindin ya ɓalle ya bar sauran a ciki, soja ya koma ƙwaƙule da wuƙa ko da sandar goge bututu, maƙiyi kuwa yana tafe. Abin ya dame su a ƙasar Zulu, ya fi damunsu a rairayin Sudan a yaƙin Mahadi wajen 1885. Daga nan aka koma kwanso na tagulla guda, aka kuma ƙara wa liba tsawo don hannu ya sami ƙarfin fizgowa. Saboda haka duk inda ka ga doguwar liba a fim ɗin da ke cewa 1879 ne, ka san ta riga ranarta da shekara takwas.

Akwai wani tarko kuma. Daga 1895 an riƙa ɗaukar tsofaffin Martini ana sauya musu bututu don su ci harsashin .303, aka kira su Martini-Enfield. Motsin hannu iri ɗaya ne sak. Abin da zai tona su shi ne bututun ya fi siriri, ramin bakin ƙarami ne, kuma an rufa wa bayan bututun ɗan itace a sama don kada ya ƙona hannu. Masu fim suna son irin waɗannan saboda abin da zan faɗa yanzu game da harsashi. Haka nan ka kula da tsawo. Ta sojan ƙasa doguwa ce, inci 49, wato kamar mita ɗaya da kwata. Gajeriyar ta mahaya doki ce da masu igwa. Fim ɗin Zulu Dawn na 1979, wanda ya ba da labarin Isandlwana, inda Zulu suka murƙushe sansanin Turawa sa'o'i kaɗan kafin faɗan Rorke's Drift, a nan ya yi tuntuɓe, ya cika hannun sojojin ƙasa da gajerun.

Yanzu mu zo kan bindigar Baffa. Ka nemi wuraren da sojoji suka jeru a bayan buhunan masara da akwatunan biskit suna harbi sahu-sahu, ka bar na gaba, ka sa ido a kan waɗanda ke can ƙarshen layi. Za ka ga wasu hannunsu ba ya yin ƙasa. Gefe yake yi: a ɗaga, a ja baya, a tura gaba, a kwantar, kamar mai zare sakatar ƙofa. Wannan Lee-Enfield ce, kuma shi ne motsin da jikin Baffa ya haddace tun yana horo, shi ya sa ya zabura. Mutumin da ya yi shekaru yana wannan motsi ba sai ya ga bindigar sosai ba.

Sai dai gidan Lee babban gida ne. Tsarin na James Paris Lee ne. Birtaniya ta fara ɗaukarsa a 1888 da sunan Lee-Metford, a 1895 ya zama Lee-Enfield, doguwa mai cin harsashi goma. Bayan Yaƙin Boer na Afirka ta Kudu aka gajarta ta, aka sami wadda itace ya rufe ta har baki, hancinta a dakushe, ita ce ta yi Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wadda mutanenmu ke kira mak-fo, sunanta na takarda Lamba 4, ta shigo a 1941, bakin bututunta ya ɗan leƙo waje, saitinta na baya kuma yana can kusa da idon mai harbi. Lee-Enfield ce sojojinmu na Afirka ta Yamma suka kai Bama, kuma 'yan sandan Nijeriya sun daɗe da ita bayan mulkin kai. Ta fim ɗin doguwar nan ce ta farko. Ba a banza aka zaɓe ta ba: tsawonta inci 49 da rabi, kusan daidai da Martini, bututunta ya fito fili kamar na Martini, don haka in aka jera su daga nesa sai ta saje. Da mak-fo aka sa, da kai ma ka gane ba tare da Baffa ba.

Me ya kai masu fim ga haka? Harsashin wasa. Bindigar fim tana bukatar harsashi mai ƙara da wuta da hayaƙi amma babu dalma a kansa. Na Martini, wanda ake kira .577/450, ya zama tsohon yayi tun da daɗewa, samunsa da yawa a 1963 sai an sha wuya. Na .303 kuwa, wanda Lee-Enfield ke ci, yana jibge a duk ƙasar da Ingila ta taɓa mulka. Mai shirya fim yana da mutum ɗari da za su yi ta harbi makonni, kuɗi kuma ba su da yawa. Sai ya yi abin da kowane mai kayan fim yake yi har gobe: na ƙwarai a hannun taurari, masu kama da su a tsakiya, abin da ya samu a baya. Bai taɓa zaton wata rana wani zai zauna a tsakar gida da waya a hannu yana tsayar da hoto yana zuƙo shi ba. A silima daƙiƙa biyu ne ya wuce.

Inda ba su da wannan uzuri shi ne libarbar hafsoshi, don ita a gaban kyamara take. Stanley Baker, wanda ya fito a matsayin Laftanar John Chard, da Michael Caine a matsayin Laftanar Gonville Bromhead, duk Webley ta shida suke riƙe da ita. Wannan libarba ta 1915 ce, ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekara 36 bayan Rorke's Drift. A nan ma hannu ne ke ba da shaida. Akwai wurin da Chard yake sake ɗura tasa hannunsa yana rawa. Ka duba yadda ya buɗe ta: karya ta ake yi a tsakiya, bututu ya sunkuya ƙasa, kwansuna shida su tuttuɗo a lokaci guda. Gindin mariƙinta mai kusurwa ne, bututunta inci shida mai faffaɗan gefe. Hafsan Birtaniya na 1879 da kuɗinsa yake sayen libarbarsa, kuma abin da aka fi gani a lokacin su ne Adams, da Tranter, da wata tsohuwar Webley da aka yi wa 'yan sandan Ireland. Galibinsu ba a karya su. Wata 'yar ƙofa ce a gefe, a buɗe ta, a tura kwanso ɗaya-ɗaya da tsinke, a zura sababbi ɗaya-ɗaya. Ka ga da sun yi amfani da ta zamanin, da rawar hannun Chard ta fi haka ban tausayi, don aikin ya ninka. Ni a ganina sun yi asarar wuri mai kyau a nan.

Ƙara kuwa kada ka dogara da ita ko kaɗan, a wannan fim ko a wani. A ɗakin haɗa sauti ake ɗora ta daga baya, sau da yawa ƙara guda ake maimaita wa bindigogi daban-daban.

Abin da fim ɗin ya rage wa Martini shi ne muguntarta ga mai ita. Dalmar da take jefawa nauyinta ya kai giram 31, kusan ninki huɗu na kan harsashin AK-47, kuma baƙin albarushi ke tura ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan salla a Kano ya san baƙin albarushi: farin hayaƙi mai kauri da ke tsayawa a wuri, da warin ƙibiritu da ke kama maƙogwaro. To ka ƙiyasta mutum sama da ɗari a cikin fili da bai fi harabar makarantar firamare ba, suna ta yi tun la'asar har tsakar dare, ga rufin ciyawar asibiti yana ci da wuta. A fim kana ganin fuskar kowa tas. Sannan dukan kafaɗa. Martini tana duka tun tana da tsabta, in toka ta taru a bututu dukan ya ƙaru. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin kafaɗu sun kumbura sun yi baƙi, har wasu suna sauya kafaɗa, ga yatsu sun ƙone da zafin bututu. Harsashin wasa ba ya duka, shi ya sa za ka ga 'yan wasa suna harbi jikinsu ko gezau, ko kuma wani ya tuna ya girgiza kafaɗa bayan ƙarar ta wuce. Sojojin ainihi sun shiga daren da harsashi kusan 20,000, gari ya waye saura kamar 900. Gawarwakin Zulu da aka ƙirga a kewayen wurin 351 ne, ban da waɗanda suka ja jiki suka mutu a hanya. Ka auna waɗannan alƙaluma biyu ka ga yawan abin da aka harba cikin hayaƙi da duhu ba tare da an ga kowa ba. Fim ya mayar da yawancin faɗan da rana, kowane harbi da mai faɗuwa.

Wuƙar bakin bindiga, banati, masu fim sun kyauta a kanta. Ta 1876 ce, tsinin ƙarfe mai kusurwa uku, tsawonsa wajen inci 22, ana zura zobensa a bakin bututu ya zauna a gefe. In an haɗa da bindigar tsawon ya kusa ƙafa shida, ya fi gajeren mashin Zulu, iklwa, isa nesa, kuma a bakin buhunan nan wannan tazarar ta yi aiki ƙwarai. Sun kuma kyauta da ba su cusa igwa ko Gatling, bindigar nan mai bututu da yawa da ake juyawa da hannu, ba, don babu ko ɗaya a Rorke's Drift. Gatling ta yi aiki a wasu wuraren a wannan yaƙi, har da Ulundi ranar 4 ga Yulin 1879.

Duk waɗannan da na lissafa kurakuran ɗakin kaya ne, ba su sauya labari ba. Wanda ya sauya labari yana ɗaya ɓangaren, kuma shi ne masu kallo ba su cika lura da shi ba, don kowa idonsa na kan jajayen riguna.

Fim ɗin ya nuna mayaƙan Zulu sun hau dutsen da ke bayan tashar, wanda Turawan mishan suka sa wa suna Oskarberg, su kuma Zulu suke kira Shiyane, suna harbo Turawa daga sama, kuma ya ba mai kallo fahimtar cewa bindigogin daga gawarwakin Isandlwana aka kwaso su da safiyar ranar. Hawa dutsen gaskiya ne, harbin ma gaskiya ne. Asalin bindigogin ne ba haka ba. Rundunonin da suka zo Rorke's Drift, uThulwana da iNdlondlo da uDloko da iNdluyengwe, mutum 3,000 zuwa 4,000 ƙarƙashin Yarima Dabulamanzi ɗan'uwan Sarki Cetshwayo, su ne 'yan ko-ta-kwana a Isandlwana. Ba su shiga sansanin ba. Zagaye shi suka yi ta baya suka wuce, suka haye kogin Mzinyathi. Rashin samun rabonsu a can ma yana cikin abin da ya ingiza su zuwa nan. Waɗanda suka kwashi ganimar sansanin wasu ne daban, kuma su gida suka nufa da kayansu da masu rauninsu.

To da me suka yi harbin? Da bindigoginsu. Wannan shi ne abin da labarin ganima yake ɓoyewa: Zulu sun mallaki bindigogi dubbai tun kafin yaƙin. Shekaru ana shigo musu da su ta gaɓar Delagoa, inda Maputo take a yau, wadda ke hannun Turawan Fotugal, wani Bature ɗan kasuwa mazaunin ƙasar mai suna John Dunn kuma yana cikin manyan dillalan da suka sama wa Cetshwayo. Matsalar ita ce irin kayan da ake sayar musu. Tsofaffin bindigogin ɗuri ne da sojojin Turai suka yar, wasu tun zamanin Napoleon, masu ƙyastu, wasu masu 'yar hular tagulla, yawancinsu bututun sumul ne ba zane. Ɗan Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan, don dangin adaka ne, irin ta maharba da muke yi wa kirari da harba-ka-ruga. A tsayar da ita a ƙasa, a zuba albarushi ta baki, a jefa dalma, a danna da sanda, a ɗaga. Albarushin mai rauni, dalmar wani lokaci tsakuwa ce aka lulluɓe ko guntun ƙarfe. Daga kan dutsen zuwa bangon buhunan ya kai yadi 300 zuwa 400, bindigar ɗuri mai sumul ɗin ciki kuwa in ta wuce yadi ɗari sai dai a ce Allah ya kai.

Saboda haka in kana son tantance bindigar mayaƙin Zulu a kowane fim na wannan yaƙi, dokar hannu ce dai. Wanda ya tsayar da bindiga ya kai hannu bakinta, ya dace da 22 ga Janairu. Wanda ya danna liba, ya yi sammako. Ka lura da kalmar sammako, don daga baya sun same su. Ɗaruruwan Martini da aka kwasa a Isandlwana sun bazu cikin rundunonin Zulu, kuma a Khambula, ranar 29 ga Maris na wannan shekara, Turawa sun sha wutar bindigoginsu na kansu. Wata biyu ne tsakani, amma a tarihin yaƙi wata biyu ba wasa ba ne.

Ba masu fim ne suka ƙirƙiri zancen ba, in za a yi musu adalci. Frank Bourne, sajan da ke kula da rukunin sojojin a daren, ya faɗi haka da bakinsa a wata hira da BBC a 1936, yana tsoho. (Shi ne wanda fim ya nuna ƙato, magidanci mai saje, alhali a ranar shekararsa 24, ɗan tsurut ne har ana kiransa yaro.) Mutum ne da ya ga abin da idonsa, ba a raina maganarsa. Amma shekara 57 ta wuce a lokacin, kuma wanda ke bayan buhu harsashi yana wuce kunnensa ba shi da halin sanin daga wace bindiga ya fito. Masu binciken wannan yaƙi sun fi karkata ga hanyar da rundunonin suka bi da kuma irin raunukan da likitoci suka gani. Ga dalili na hankali ma: mutum 17 Turawa suka rasa. Da a ce mayaƙa masu yawa sun zauna a kan dutsen nan da Martini, wadda yadi 400 ba komai ba ne a wurinta, suna kallon bayan waɗanda ke tsaron bangon gaba, da lissafin ya wuce haka nesa.

Ko da bindigogin ɗurin ma sun yi ɓarna, don yawa ya rufe rashin saiti. An harbi James Dalton, wanda shi ne ya ba da shawarar a tsaya a yi ganuwa da buhuna. An farfasa wa Frederick Hitch kafaɗa. An kashe Louis Byrne yana ba wani mai rauni ruwa. Akwai kuma wani kofur mai suna John Lyons da dalma ta shige masa wuya ta maƙale kusa da ƙashin baya. Sai bayan makonni likita ya ciro ta. Lyons ya rayu, ya sa aka rataya masa ita a sarƙar agogonsa, yanzu tana gidan tarihin rundunar a Brecon, a yankin Wales. Dalmar Martini doguwa ce, mai kan tsini a dakushe, kamar guntun yatsa. Ta wuyan Lyons dunƙulalliya ce, irin wadda ake jefawa ta bakin bututu a danna da sanda.